Mai Sunan Inna

A bakin titin Ajah, ƙarƙashin wayar wuta,
nake da fili, in har fili ne,
taku goma sha biyu tsakanin kwalta da kwalbati.
Nan na jera baƙaƙen ledoji,
kowace da ƙasa a cikinta, kowace da rai.

Da asuba nake ban ruwa,
kafin direbobin danfo su fara zagin juna.
Rijiyar nan ruwanta da ɗan gishiri.
Shukar da ta sha shi wata uku ba ta yi yaushi ba,
ita kaɗai nake iya rantsuwa a kanta.

Ga boganbiliya, mai hawa katanga da ƙaya,
ta yi wa mai gida ado, ta yi masa gadi.
Ga masu yaɗo, ba ƙashin baya gare su ba,
ka ba su igiya ɗaya, su kai bene na biyu
su leƙa tagar da ni ban isa in leƙa ba.
Ga kirikiri, ina yanka shi fale-fale kamar tabarma,
a shimfiɗa wa karen wani.

Ga kuma kyasuwa.
Wallahi kyasuwa ce.
Wadda Baba Barau ya ƙarar da ƙugunsa
yana tuge ta a gonar dawa a Rano,
a nan an zaunar da ita a tukunyar siminti,
an raɗa mata suna da Turanci,
dubu shida, ba ragi.
Ran da na fara sayar da ita na juya baya na yi dariya,
sai dariyar ta ƙi sauka daidai.

Amma akwai guda can ƙarshen layi.
Ganyenta kaushi kamar tafin mai surfe,
ƙanshinta ba kowa yake so ba,
fure ɗaya, launi uku:
rawaya a tsakiya, ruwan goro, sannan ja-ja a baki.
Malam-buɗe-littafi ba ya barin kanta.

Wata Laraba Madam Morenike ta sauke gilashin mota,
ta nuna ta da makulli:
"Lantana nawa?"

Butar hannuna ta karkace.
Tun da na yi wayo ban ji sunan nan tsirara ba.
A gidanmu ko kawuna Yaya yake cewa.
Yanzu ma rubuta shi na yi, bakina bai faɗa ba.

Na ce mata, wannan?
Ta ce, Lantana.
Na ce, wannan ɗin dubu biyu da ɗari biyar.

Da dare na hau gadar ƙafa, inda waya take kamawa,
na ce, Inna, kina da takwara a Ikko,
fure ce, a leda take.
Ta yi shiru. Na ji akuya, na ji Sahura tana tankaɗe.
Ta ce, ita ma ran Litinin aka haife ta?
Na ce ban sani ba.
Ta ce, tana da cin ruwa?
Na ce kaɗan ya ishe ta.
In an sare ta fa?
Na ce tohowa take, har ta fi da.
Ta ce, to ba a yi asarar suna ba.
Nawa kake sayar da ni?

Na faɗa.
Dariya ta kama ta har da tari.
Ta ce, ubanka bai biya rabin haka ba.

Tun ranar yaran da ke taya ni,
Ɗanliti da wani Ba'ibo, Ekene,
sun daina kiran ta yadda yake a littafi.
Mai sunan Inna, haka suke cewa,
Ekene da karyayyar Hausarsa.

Sauran ina sayarwa, abinci ne.
Guda ɗaya na fasa ledarta,
na dasa ta a ƙasa, jikin kwalbati,
inda an ce hanya za ta ci baɗi.
Masu awo sun zo sun shafa jan fenti.
Jiya ta yi sabon reshe,
ya ratsa ta kan fentin.